Shaidar Baffa Maɗori

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Baffa ya riga mu tafiya ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar ɗibar albasa, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Yau kwana tara ke nan, har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna tsakar gida wurin karɓar gaisuwa sai in ji ba zan iya ba, in tashi in shiga madafa, a ce mini ba aikina ba ne, in fito in tsaya bakin zaure, in sake komawa ciki. Gwaggo, ƙanwarsa, ta ce kuka ne ya ƙi fita yake yawo a jikina. Ban musa mata ba, amma na san ba kuka kaɗai ba ne.

An taru. Mutane sun zo daga Yelwa, daga Shanga, daga Wara, wasu sun ƙetaro ruwa daga tungayen masunta. Baffa maɗori ne, shekara arba'in ko fiye yana haɗa ƙashin da ya karye, saboda haka kusan kowa da gaɓarsa ya zo yin ta'aziyya. Wani tsoho daga cikin Gungawa, mazauna tsibirai, ya naɗe wando a gaban mutane ya nuna ƙwaurinsa, ya buga ƙafar a ƙasa don a ga ƙarfinta, sannan ya fashe da kuka. Wani makiyayi ya riƙa juya kafaɗar da wani bijimi ya taɓa gurɗe masa, yana faɗin yadda Baffa ya zage shi tas kafin ya mayar da ita. Mata su ba su nuna komai ba. Wasunsu dai sukan zauna kusa da ni, su matse mini hannu, su tashi.

Ranar sadakar uku liman ya yi dogon yabo a ƙofar gida, muna jinsa daga ciki. Ya ce marigayi mutum ne mai rufa asiri, abin da ya gani a rumfarsa a nan yake barinsa. Maza suka yi ta cewa haka ne. Ɗan marigayin na fari, wanda Baffa ya aura mini, yana zaune a gaba yana amsa gaisuwa, shi da ya shekara shida bai taka rumfar uban nasa ba. A nan raina ya ɓaci. Kowa a wurin ya san akwai ranar da Baffa ya ƙi rufa asiri, kowa kuma ya shirya binne ranar tare da shi. Ni ba zan iya ba, don a kaina aka yi.

Baffa wan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, Baffa ya ɗauki nauyina ni da Inna, shi ya tsaya har na gama makaranta. Da na girma ɗansa ya nemi aurena. Babu wanda ya tilasta mini, ina son sa. Yana da jirgin inji yana ƙetarar da albasa da mutane, ga fara'a, yakan goya tsofaffi a bayansa ya kai su cikin jirgi don kada su jiƙa. Ranar ɗaurin aure Baffa ne ya ba da ni a matsayin waliyyina, wani abokinsa ya karɓa wa ango. Mutane suka yi ta cewa na dace, ubana shi ne surukina, wa zai taɓa ni? Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin ranar da uban da surukin za su saɓa.

Sai wanda ya zauna rumfar Baffa zai gane irin mutumin da muka rasa. Kayan aikinsa ba su da yawa: karan dawa da yake ferewa da kansa, tsummokaran farin ƙyalle, man shanu cikin wani tsohon gwangwani. Dabararsa ita ce tsokana. In an kawo masa mutumin Shanga sai ya fara da cewa su ba su iya komai ba sai cin shinkafa da faɗowa daga jaki. Mutum ya hasala ya buɗe baki zai rama, kafin ya haɗa kalma biyu Baffa ya ja ƙafar, ƙashi ya koma wurinsa. Ihu yakan zo daga baya, shi kuwa yana ta tauna goro kamar ba shi ba.

Bai taɓa shiga jirgin inji ba, har na ɗansa. Gonar kakanmu tana ƙarƙashin tafkin nan tun da aka datse ruwa, yakan ce shi ba zai bi ta kanta da hayaniya ba. Yana da rediyo da yake ratayewa a jikin rumfa, kuma gardama yake yi da ita. Mai karanta labarai ya ce gwamnati za ta yi kaza, Baffa ya ce, "Ƙarya kaka yi, bara ma haka kac ce." In damina ta yi ƙarfi aka kawo majinyaci daga nesa, a zaurensa yake kwana har ya fara taka ƙafa, tuwon gidan kuma shi ne abincinsa.

Yana da ƙa'ida ɗaya da ya gada wurin ubansa: maɗori ba ya tambayar yadda aka karye. Yakan ce, "Ni ƙashi nika tambaya, ba mai shi ba." Mutane suna yabon wannan ƙa'ida, ni ma na yabe ta ina yarinya. Sai daga baya na gane wa take yi wa amfani. Matan garinmu in an kawo su da hannu a lanƙwashe magana ɗaya suke yi, santsi ne ya ɗauke su a bakin ruwa wurin wanki. Bakin ruwan nan ya sha ƙarya. Baffa yakan gyaɗa kai, ya shafa mai, ya ɗaure, ya ce a kiyaye santsi.

Nawa ya fara a shekara ta biyu da aure. Mutumin da yake goya tsofaffi a waje, a gida abu kaɗan ne yake tunzura shi. Abinci bai kai bakin ruwa da wuri ba, ko na amsa magana da muryar da ba ta yi masa ba. Karon farko yatsu biyu ne. Na ce wa Baffa ƙofa ce ta matse ni, ya ɗaure bai ɗaga kai ba. Na yi yaji zuwa gidan Inna. Kwana huɗu sai ga Baffa da goro da turmin atamfa ya zo biko, ya ce yaro ya yi kuskure, ya ja masa kunne. Inna mace ce ita kaɗai, ga shi wan mijinta ne da ba ta iya haɗa ido da shi. Me za ta ce? Da yamma na koma.

Karo na biyu ƙashin kafaɗa ne. Yadda aka yi a farko haka aka sake yi, sai dai atamfar ta fi ta farko kyau. Na tuna ina bin bayan Baffa a hanya, hannuna rataye a wuya da ƙyallen da shi ya ɗaura, yana gaba yana gaisawa da mutane. Ranar na tsane shi. Ina faɗin haka yau da yake cikin kabari, don in na ɓoye wannan, sauran abin da zan faɗa ba shi da daraja.

A tsakanin nan ne aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu. An yi murna, an shafe tsohon suna a allunan ofisoshi an rubuta Kebbi, fentin ma bai rufe na ƙasan sosai ba. Rediyo ta riƙa faɗin za a buɗe ofishin kula da mata a kowace ƙaramar hukuma. Baffa ya ce wa rediyon, "Mu gani." Sai kuwa aka turo wata ma'aikaciyar walwala, muna ce mata Malama. Ofishinta tebur ɗaya ne da kujera ɗaya, in baƙo ya zo ita take tashi tsaye. Ba ta jira a zo mata ba. Ta hau bayan babur da fayil a hammata tana bin ungozomai da masu unguwanni da maɗora, har ta iso rumfar Baffa wata rana da hantsi. Ina gidan, kafaɗata ba ta daɗe da warkewa ba, ni na kawo mata ruwa.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce yadda dokar take, miji in ya mari matarsa ko ya zane ta ya ce horo ne, hukuma ba ta da abin kamawa sosai. Amma in ƙashi ya karye, wannan mummunan rauni ne, laifi ne da ake ɗaure mutum a kai. Na tsaya da moɗa a hannu ina saurare. Wato gwamnati ba ta jin kukan mace sai ta ji ƙarar ƙashi. Malama ta ce matsalarta ita ce masu karaya ba sa zuwa asibiti, wurinsa suke zuwa. Abin da take roƙo, duk macen da ya ga alamar duka ce, ya sanar da ita.

Baffa ya tofar da tuƙar goro. Ya ce, "Ɗiyata, gwamnatinku jiya anka haihe ta. Ni tun ba a datse ruwan ga ba nika ɗori. Ranar da anka ji ina kai suna ohis, babu namijin da ka barin matatai ta tako nan. Sai su zamna ɗaka hannu shi ruɓe. Ke za ki ɗora musu?"

Malama ta ce, "Baba, kai kana gyarawa, su suna sake karyawa. Suna yi ne don sun san akwai mai gyara musu a ɓoye."

Ban taɓa ganin fuskar Baffa ta yi haka ba. Ya ce, "Ni kika ce ma haka? Cikin rumfata?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Amma kai ka san hannu nawa ka ɗora sau biyu."

Da ta faɗi haka idonta bai zo kaina ba, ba ta san ni ba. Idon Baffa ne ya zo, ya kuma kauce da sauri. Ya ce ta sha ruwanta ta tafi. Duk da fushin, sai da ya raka ta har bakin hanya, don shi ba ya barin baƙo ya fita shi kaɗai. Ya dawo yana faɗa, ya kwana uku yana faɗa, yana cewa yaran boko ba su san mutane ba. Har yau in na tuna gardamar nan ba na iya cewa ga wanda ya yi kuskure. Kowannensu ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar kowannensu a jikina take.

Karo na uku da itacen tuƙin jirgi ne. Na ɗaga hannun dama na kare kaina, na ji ya ɓalle tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Wannan karon mijin nawa bai bari an kai ni wurin ubansa ba. Ya ce wa maƙwabta zazzaɓi nake yi, in zai fita sai ya kulle gidan ta waje. Kwana goma sha biyu na yi haka. Gwaggo ce ta ga shirun ya yi yawa, ta zo da rana tsaka ta sa aka ɓalle kwaɗon, ta lulluɓe ni da mayafinta ta kai ni rumfa.

Baffa ya kori mutanen da ke zaune. Ya ɗauki hannun, ya bi shi da babban yatsa a hankali, ya tsaya inda ya yi tudu. Ƙashin ya fara haɗewa a karkace. Sannan ya yi abin da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba, ya tambaya.

"Mi yas same ki?"

Na ce, "Santsi ne, Baffa, a bakin ruwa."

Ya ce, "Ƙarya kika yi, ɗiyata. Kuma ni nik koya miki ta."

Ya ce in an bar hannun haka ba zan ƙara riƙe ko ludayi ba, dole a raba ƙashin a sake haɗawa. Ya sa Gwaggo ta rungume ni ta baya. Bai tsokane ni ba, bai zagi kowane gari ba. Ya ce kawai, "Wanga karon ni za ni karya shi. Ki gahwarta min." Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Da na farfaɗo yana ɗaure karare, hawaye na bin gemunsa, hannunsa kuwa ko rawa ba ya yi.

Washegari da sassafe ya sa babbar riga ya hau motar kasuwa, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Kafin azahar sai ga shi da Malama a gidan Inna, inda Gwaggo ta kai ni na kwana. Ta zauna gabana ta ce ƙara tawa ce, ba ta Baffa ba, in ban yarda ba babu mai yi a madadina. Inna tana kuka tana cewa za a ce mun tona asirin dangi. Na dubi Baffa ko zai ce wani abu, ya sunkuyar da kai. Tsoro nake ji ƙwarai, na mijin, na mutane, har na takardar kanta. Na sa hannu da hagu, rubutun kamar na ɗan aji ɗaya.

Wurin 'yan sanda sai da muka je sau uku. Da farko aka ce maganar gida ce, mu koma mu sasanta, ga dattijo ma a tare da mu. Baffa ya ce, "Dattijon ga shi yah haihi yaron. In sasantawa ta, na yi ta sau biyu." Malama ta yi ta zarya da fayil har aka karɓa. Likita ya duba ya rubuta karaya ce, amma takardarsa ba ta faɗin wanda ya karya. Mijina ya tsaya a kan cewa santsi ne, ya ce ni da bakina na faɗa. Babu wanda ya ga lokacin da abin ya faru. Shari'ar gaba ɗaya ta rataya a kan mutum ɗaya.

Ranar zaman kotu dangi sun cika waje, yawancinsu ba don ni suka zo ba. Gwaggo ta ce har bakin ƙofa ana jan rigar Baffa ana cewa ya tuna ɗansa ne. Ya yi alwala, ya rantse. Alƙali ya tambaye shi yaya zai san ba faɗuwa ba ce, tunda bai gani ba.

Baffa ya miƙa nasa hannun ya nuna. Ya ce, "Ranka shi daɗe, mai hwaɗuwa tahin hannu shika kai ma ƙasa, sai shi karye nan ga wuyan hannu. Wanda anka ɗaga ma ice, gehen hannu shika tarewa da shi, sai shi karye nan tsakiya. Nata tsakiya yak karye. Shekara arba'in ina ganin irin shi, ban taɓa ganin santsi ya yi shi ba."

Da ya tsaya nan ma ya isa. Bai tsaya ba. Ya faɗi yatsu biyun, ya faɗi kafaɗar, ya faɗi watan da kowanne ya faru. Alƙali ya ce me ya sa bai yi magana ba tun lokacin. Ya ce, "Don ɗana na. Na sani tun ga yatsu. Ni niɗ ɗora, ni nit tahi biko, ni nim mai da ta. In akwai hukuncin wanga, a yi min." Daga inda yake tsaye mijina ya ce, "Baba," da wata irin murya da ban taɓa jin ya yi ba. Baffa bai juya ba.

An yanke wa mijina wata huɗu. Hannuna ya fi haka daɗewa kafin ya warke, amma ban raina ba, don a garinmu ba a taɓa jin an ɗaure namiji saboda matarsa ba. Abin da ya daskarar da ni shi ne maganar alƙali ta ƙarshe. Ya ce shi shari'ar rauni aka kawo masa, batun aure daban ne, yana nan yadda yake. Malama ta ce kada in damu, za ta taimaka mini in shigar da wannan ma. Ba a yi wata biyu ba aka mayar da ita wata ƙaramar hukumar, na je ofishin na tarar da kwaɗo a ƙofa. Gwamnati ta yi nata ta gama. Ta hukunta shi, ta bar ni ina matarsa, ina ƙirga kwanakin fitowarsa.

Abin da Baffa ya faɗa wa Malama kuwa bai faɗi ƙasa ba. Mata suka ɗauke ƙafa daga rumfarsa, mazansu sun gwammace su ƙetara da su ruwa zuwa wurin wani maɗorin. Abokan hira suka ragu, a masallaci ana gaishe shi a tsaitsaye. Matarsa, uwar mijina, ta daina yi masa magana sai ta bakin Gwaggo. Ya rame, gardamarsa da rediyo ta ƙaru. In na zo ya duba hannun sai ya kwance, ya taɓa, ya ɗaure, ya ce in dawo Juma'a. Ko sau ɗaya bai ce mini ga abin da zai faru in ɗansa ya fito ba, ni kuma na kasa tambaya. Ban yarda da shi ba tukuna. Mutumin da dangi suka juya wa baya haka, me zai hana ya nemi shiri da su ta hanyar mayar da ni?

Mako ɗaya da fitowar mijina Gwaggo ta shigo gidan Inna tana haki. Ta ce bayan la'asar za a zo biko, da liman, da mai unguwa, da dattawan dangi, kuma Baffa yana ciki. Maganar da ake yi a gari ita ce yaro ya sha hukuncinsa, saura haƙuri. Na ɗaure kayana cikin zane, na kwance, na sake ɗaurewa. Na fita har bakin ruwa da niyyar in shiga duk jirgin da na samu, na tsaya ina kallon matuƙa, rabinsu abokansa ne. Na juya na dawo gida.

Inna ta shimfiɗa tabarma biyu a zaure suna fuskantar juna, yadda ake yi, ɗaya ta masu biko, ɗaya ta masu ɗiya. A zuwansa biyu na baya Baffa a kan ta masu biko ya zauna. Ta masu ɗiya Inna ce kaɗai a bakinta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ina bayan ƙyaure ina leƙe. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, mijina a ƙarshensu kansa a aske, suka zauna suka bar wa Baffa wuri a tsakiya. Aka ajiye ƙwaryar goro.

Baffa ya shigo daga baya. Ya cire takalmi, ya tsaya ya dubi wurin da aka bar masa. Sai ya ƙetare ƙwaryar goron ya zauna a kan tabarmar Inna. Inna ta zabura za ta tashi don kunya, ya ce, "Zamna, Inna, tabarmarmu ta."

Liman ya ce, "Malam, ga wurinka nan."

Baffa ya ce, "Na gan shi. Uban miji ya zamna nan sau biyu, kun ga abin da yaj jawo. Ƙanena ya mutu ya bar min ɗiya. Yau uban ɗiya yaz zo."

Liman bai fasa ba, ya yi jawabinsa, ya yi maganar zumunci da falalar haƙuri. Mai unguwa ya ƙara nasa. Baffa ya saurara har suka gama, bai katse kowa ba. Sannan ya sa yatsa ɗaya ya tura ƙwaryar goron ta koma gabansu. Ya dubi ɗansa, karo na farko tun ranar kotu.

Ya ce, "Ni nib ba ka ita gaban mutane. Gaban mutane nika son ka ba ni abina."

Mijina ya ce ya tuba, ya rantse, ya yi kuka, kuma wataƙila da gaske yake. Baffa ya ce, "Allah shi karɓa. Ba ni abina." Daga ƙarshe liman ya ciro takarda daga aljihu ya rubuta, mijina ya furta saki da bakinsa, ya sa hannu, ya tashi ya fita bai sa takalminsa daidai ba. Sauran suka bi shi, ba wanda ya yi wa Baffa sallama.

Da zauren ya zama babu kowa sai shi da Inna, ya naɗe takardar ya tako har bakin ƙyaure. Ya san ina nan. Na miƙa hagu zan karɓa, ya janye.

Ya ce, "Da dama. In ga ko ya kama."

Na miƙa hannun dama na riƙe takardar. Ya ja ta kaɗan, ban saki ba. Ya ƙara ja, ban saki ba. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Ya kama," ya juya ya nemi takalminsa.

Allah ka ji ƙan Baffa, ka haskaka kabarinsa, ka karɓi shaidarsa. Bikon nan biyu na farko kuma ka yafe masa su. Ni ma ina ƙoƙari.